Bangon ɗakin Inna ya tsage

Baban Walida,

Sannu da hanya. Muna gidan Zainaba, bayan masallaci. Don Allah kada ka shiga ɗakin Inna.

Ka yi haƙuri, laifina ne. Ka san yadda numfashi ke ba ta wahala a ɗakin nan marar taga. Shekaranjiya ta ce mini, "Hadizatu, ji nake kamar an rufe ni a tukunya." Shi ne ban jira dawowarka ba, na kira Lukumanu magini ya huda bangon gabas. Iska ta shiga, har ta yi barcin rana.

Da safen nan na ga bangon ya tsage daga saman tagar har rufi, yatsana na shiga ciki. Lukumanu ya tokare da katako biyu, ya tafi neman ƙarfe.

Mai gidan da muke haya bai sani ba. Ka je ka faɗa masa da bakinka kafin maƙwabta su riga ka, ina tsoron ya kore mu.

Inna kuwa na ce mata fenti za a yi. Kai ma haka za ka ce.

Hadizatu