A Dawo Mini da Faɗuwata

Daga: Ɗaliba 'yar aji biyu, wadda 'yan aji ke kira Uwar Waya,
Ɗaki na tara, Ɗakunan Kwanan Mata.
12 ga Oktoba.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Tsangayar Injiniya.
Ta hannun: Jami'in Jarrabawa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIN JARRABAWAR LISSAFI DA AKA ƊORA MINI BA DA HAƘƘINA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena. Na san teburinka cike yake da takardun waɗanda aka kayar suna neman a ɗaga su. Ni ɗaga ni aka yi, ina roƙon a mayar da ni inda na faɗi.

1. Dokar tsangaya ta ce wanda ya ci dukan kwasa-kwasan aji biyu za a tura shi sashen da makinsa ya kai, wanda kuma ya faɗi babban kwas ɗaya zai maimaita shekarar, sabon maki ya shafe tsoho. A zangon farko taifot ya kwantar da ni, na rubuta jarrabawa ina ganin layi bibbiyu. Da sakamako ya fito na gane ko na cinye zango na biyu kaf, ba zan kai makin Sashen Lantarki ba, alhali shi ya kawo ni jami'a. Mahaifina mai gyaran rediyo da fanka ne. Tun ina firamare nake riƙe masa wayar lantarki yana liƙawa, yanzu da idonsa ya yi rauni shi ke riƙewa ina liƙawa. Na yanke shawarar maimaita shekarar, ya ce in yi, shekara ɗaya ba komai ba ce. Shi kaɗai ya san shirin, kuma ba mai yawan magana ba ne.

2. Ranar 3 ga Yuli na shiga jarrabawar Lissafi, wanda babban kwas ne, da niyyar faɗuwa. Ina so hukuma ta sani cewa faɗuwa ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya yi karatu. Tambaya ta ɗaya da ta uku kamar don ni aka tsara su, sai da na zauna a kan hannuna na dama don kada ya ci amanata. Mai sa ido ya yi ta zagayowa yana tambaya ko jikin ne, har ya ba ni aron bironsa. Abin da na rubuta bai wuce sunana da lambata ba, sai tambayoyin da na kwafe da kyakkyawan rubutu, sai wata fanka da na zana a shafin ƙarshe don lokaci ya wuce.

3. Da na koma gida Inna ta tambaye ni yadda aka yi, na ce na faɗi, ina murmushi. Ta ɗauka ruɗewa ce ta sa ni murmushin. Kafin in buɗe baki da sauran bayani ta yafa mayafi ta nufi shagon ƙaninta, Kawu tela, wanda ya daɗe yana yi wa Malamin Lissafi ɗinki. Rashin sani ya fi dare duhu.

4. Ranka ya daɗe, Kawu mutum ne da in ka ba shi yadi sai ka manta launinsa kafin ka ga riga. Amma a makon nan ya zaro kayan Malam da suka daɗe a ƙarƙashin keken ɗinki, ya ɗinka, ya goge, ya kai har ofis da ƙafarsa. Ban ce cin hanci ba ne, domin kayan na Malam ne. Na dai samu labari Kawu ya zauna ya ce ni 'yar yayarsa ce, a duba don Allah, uwarta ba ta ci ba ta sha tun ranar. A gabana Inna ta share kwanonta har da neman ƙari.

5. Ranar 20 ga Satumba aka liƙa sakamako. Na duba cikin waɗanda suka faɗi da zumuɗi, babu ni. Na tarar an ba ni arba'in cif, daidai makin cin kwas, an tura ni Sashen Ruwa da Magudanai. Ba raina sashen nake ba, kowa yana tuna magudana ran da aka yi ruwa. Amma a gaban allon sanarwar na yi kuka, ƙawayena suna rungume ni suna barka.

6. Washegari na je wajen Malam. Ya tarbe ni cikin sabuwar rigarsa, ya ce ba sai na gode ba, 'ya ta kowa ce. Da na ce so nake ya kayar da ni, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce tun da yake koyarwa bai taɓa ganin butulci irin wannan ba. Na tambayi inda arba'in ɗin ta fito. Ya ce goma ta tsabtar rubutu, goma ta zuwa aji, sauran kuma fankar ta yi kyau.

Saboda haka nake roƙon ofishinka mai daraja da ya sa a ciro takardar amsata a ba wani malami ya sake dubawa, wanda ba Kawu ke yi masa ɗinki ba. A ba ni abin da na samu da gumina, ko da sifiri ne. A kuma yi haka kafin 26 ga wannan wata, ranar rufe rajista, domin in aka rufe da sunana a Magudanai, ni da Lantarki har abada. Ba na neman a hukunta Malam, tausayi ne ya yi masa yawa.

Daga ƙarshe, ya zama dole in sanar da kai cewa Inna ta ji zan rubuto wannan takarda, ta kuma koma shago. An tabbatar mini jiya Kawu ya tare masinjan ofishinka yana tambayar awon wuyanka da tsawon hannunka. In ya zo, ranka ya daɗe, rigar za ta yi kyau, ba na musu. Abin da zai roƙa ne nake roƙon ka hana shi.

Ka huta lafiya, tare da dukan ladabi da biyayya.

Ɗalibarka,
(sa hannu)
Uwar Waya, aji biyu, in Allah ya so har baɗi.