Ni na karanta mata fayil ɗin, Baba Bitrus aka dakatar

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu bibiya, barkanku da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ku kuma masu saurin yanke hukunci a wurin sharhi, na san halinku, kullum ina karanta ku. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara min wa'azi. Ban zo don a yaba min ba, ban kuma zo a zage ni ba. Akwai abin da na yi wanda ko gobe aka maido ni wurin zan sake yi, akwai kuma wanda kunyarsa ta hana ni sakat.

Ni ma'aikaciya ce a wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja, cikin masu sa ido a kan kamfanonin da ke karɓar ajiyar kuɗin jama'a. A sashen adana takardu nake. A ƙasan benenmu akwai wurin da ake kira ɗakin karatu na jama'a, wai duk ɗan ƙasa yana da 'yancin ya zo ya nemi fayil ɗin kamfani ya duba ko yana da lasisi, ko an taɓa ja masa kunne, ko an soke shi. A baki abin gwanin daɗi. To ku ji dokokin ɗakin: sai da katin shaida, waya da jaka a bar su a loka, wato akwatin ajiya, ba a shiga da biro sai fensir, ba a ɗaukar hoto, ba a shiga da ɗan rakiya, ba a magana. Babbar cikinsu, wadda aka manna da manyan baƙaƙe a bango, ita ce an haramta wa ma'aikaci ya karanta wa mai ziyara, ko ya fassara, ko ya yi masa bayanin komai, wai kada a ɗauki maganarsa a matsayin maganar hukuma. Kuma duk fayilolin da Turanci suke, Turancin ma irin na lauyoyi wanda ni mai digiri sai na maimaita layi kafin in gane inda ya dosa. Don Allah ku faɗa min, wace jama'a ake nufi? 'Yan kwat da taye su kaɗai ne jama'a?

Mai riƙe da ɗakin wani dattijo ne ɗan Kudancin Kaduna, Baba Bitrus, saura 'yan watanni ya yi ritaya. Tsakanina da shi akwai wani tsari da duk wanda ya yi aikin ofis a garin nan ya san irinsa. Ranar Laraba da tsakar rana Kiristocin ofis suna taruwa su yi addu'arsu, sai in sauko in zauna masa a ɗakin. Ranar Juma'a kuma da ake tashin yara da wuri, sai in sulale Gwarinpa in ɗauko nawa, shi ya riƙa leƙa teburina. Babu ogan da bai san ana haka ba, su ma suna yi, amma a hukumance ba a taɓa yi ba.

Wata Laraba ina zaune a kujerarsa sai ga wata mata, za ta yi sa'ar mahaifiyata, ta shigo tana share zufa da bakin mayafi. Hajiya Sabuwa, mai sayar da hatsi a kasuwar Karshi, ita ce uwar adashin matan layinsu. Wasu samari masu riguna iri ɗaya sun yi ta zarya kasuwarsu, suna cewa a daina ajiye kuɗin adashi a hannun mutum, a zuba a kamfaninsu, gwamnati ta san da su. Matan suka ce duk abin da Hajiya ta yanke shi ke nan. Ita kuwa ta ji a rediyo cewa kowa na iya zuwa wurinmu ya duba, shi ne ta rufe rumfarta ta hau mota tun daga Karshi. Ta zo da wata ƙanwarta mai jin Turanci, masu gadi suka tsayar da ita a ƙofa, ba a shiga da ɗan rakiya. Aka ce to ƙanwar ta shiga ita kaɗai, ashe ba ta taho da katin shaida ba. Haka Hajiya ta shigo ita ɗaya, ta miƙo min takardar tallan kamfanin, na ɗauko fayil na ajiye a gabanta na koma kujera, kamar yadda doka ta ce.

Jama'a, na zauna ina kallon baiwar Allah nan. Ta yi bisimilla ta buɗe, tana bin layi da yatsa, tana juya shafi a hankali kada ya yage. Ta kai ƙarshe ta dawo farko. Can ta ɗago ta dube ni ta ce ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, a ina ne aka rubuta ko mutanen kirki ne?" Na nuna mata dokar da ke bango, na manta ita ma da Turanci take. Na ce, "Mama, an hana mu karanta wa kowa." Ta ce, "To ni da na zo, me na zo yi ke nan?" Ba faɗa ta yi ba, wallahi tambaya take yi tsakaninta da Allah. Ni kuwa nan raina ya ɓaci. Na leƙa baranda ba kowa, kyamarar ɗakin kuwa ta daɗe da zama ado. Na jawo kujera kusa da ita na fara karanta mata da Hausa. Kamfanin ya nemi lasisi, an hana shi, an kuma rubuta masa gargaɗi kada ya karɓi ajiyar kowa. Ba sirri ba ne, abin da doka ta ce kowa na iya gani ne.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma ni bakina ba ya da birki, ko a gida an san ni. Akwai shafi na ƙarshe da ya nuna kamfanin ya ɗaukaka ƙara, maganar tana gaban kotu. Na gani da idona, na tsallake, don na san in na faɗa za ta ɗauka akwai sauran fata. Sannan da ta ce, "To ke me kika gani?" sai na ce, "Mama, in ni ce ko ƙwandala ba zan ba su ba, mayaudara ne." Na amsa, wannan ba karatu ba ne, hukunci ne na yanke, kuma ba hurumina ba ne. Ta kama hannuna ta yi ta sa min albarka har na ji kunya, ta tafi. Baba Bitrus ya dawo, da yake ni ma Hajiya ake kira na a ofis, ya ce min, "Hajiya, akwai wani abu?" Na ce ba komai, mutum ɗaya ce ta zo ta tafi.

Ashe Hajiya Sabuwa ba ta wasa ba ce. Ranar da samarin nan suka koma kasuwa da lasifikarsu, ta hau kan buhun masara ta tara mata, ta ce ta je ofishin gwamnati da ƙafarta, an karanta mata da Hausa tas, an ce mata mayaudara ne. Wani ya ɗauka a waya, kan ka ce kwabo bidiyon ya zaga gari, har a rukunin matan unguwarmu na gan shi. Lauyoyin kamfanin suka dira a kan hukumarmu, wai ma'aikacinmu ya yanke musu hukunci alhali magana tana kotu, ya ɓata musu suna. Manya suka rikice. Aka garƙame ɗakin karatun har sai abin da hali ya yi. Da yake Hajiya ba ta ambaci kowa ba, kuma Baba Bitrus ne mai ɗakin, kuma kowa ya san yana jin Hausa, shi aka ba kwiri, wato takardar neman bahasi, daga nan aka dakatar da shi, aka kafa kwamiti. In kwamitin ya same shi da laifi kora ce, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin nan zai fita ba ritaya ba mutunci, ana saura ƙiris.

Ni kuma na yi gum. Wannan ita ce kunyar da nake faɗa muku. Ina hawa bene ina sauka, ana hirar a gabana, har da ni a masu cewa "Allah sarki Baba." Kai, wani lokaci in na ji muryata ina faɗin haka sai in ji na tsani kaina. Na gaya wa maigidana, ya ce, "Ke kin san tunda kwangila ta tsaya min albashinki ne ke riƙe da gidan nan. Hayar Gwarinpa wasa ce? Makarantar yara fa? Ki rufa mana asiri ki ja bakinki." Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. To amma shi Baba ba shi da iyali ne?

Da abin ya ishe ni na je gidansa wata Asabar. Na same shi a ƙofar gida yana ba kaji dusa, ya rame. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Hajiya, na sani kai ne. Tun ranar da na ga bidiyon na sani." Haka Hausarsa take, kowa kai ne a wurinsa. Na fashe da kuka na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "In faɗa me? In ce na bar ɗaki na tafi addu'a na ba wanda ba aikinsa ba? Ni ma laifi ne. Sai su kore mu biyu maimakon ɗaya. Kuma daga ranar babu Kirista da zai ƙara zuwa addu'a, babu Musulmi da zai samu mai riƙe masa tebur ran Juma'a. Ka yi shiru, yaranka ƙanana ne." Na ce, "To in sun tambaye ka?" Ya ce, "Zan ce ban karanta wa kowa ba. Gaskiya ne. Sauran kuma ba zan ce komai ba." Har da kamo min kaza wai in kai wa yara. Na ƙi karɓa, ya sa matarsa ta saka min a mota.

Yanzu bari in faɗi abin da zai sa wasunku su yi min ca. Ban yi nadamar karatun nan ba, ko kaɗan. Wa aka cuta da aka gaya wa matan Karshi abin da ke rubuce a takardar gwamnatinsu? Daraktan sashenmu ya tara mu yana ta kumfar baki wai an zubar da ƙimar hukuma. Wace ƙima? Ta ɗakin da ake share shi kullum, ana kunna masa na'urar sanyi, a shigo da tsohuwa a ajiye mata takarda a gaba a hana ta mai karanta mata? Ku kuka je rediyo kuka yi shela da Hausa cewa kowa ya zo. Da tsohuwa ta zo kuma sai Hausar ta zama haram? In dokar ta hana ma'aikaci fassara, to me ya hana a ɗauki tafinta, ko a bar mutum ya shiga da nasa? Na tsallake shafi, na amsa. Na yi suɓul da baka, na amsa. Amma a ce in tsaya in ce na tuba da na taimaki matar nan, wallahi ba za a ji wannan daga bakina ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Kwamitin zai zauna mako mai zuwa, kuma sun gayyaci Hajiya Sabuwa ta zo ta ba da shaida. Mutanen kwamitin duk 'yan kudu ne, Hausarsu ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Jiya darakta ya kira ni ofishinsa ya ce, "Hajiya, ke ce mai kyakkyawar Hausa a sashen nan, kuma ba ruwanki da maganar. Ke za ki yi mana tafinta." Dariya da kuka suka zo min lokaci ɗaya. Hukumar da ta haramta min fassara ita ce yau ta umarce ni da yi. Na ce to yallaɓai, don ban san me zan ce ba.

Da na tashi aiki ban nufi gida ba, Karshi na wuce, na yi ta tambaya har aka nuna min rumfarta. Tana ganina ta gane ni, ta rungume ni, ta kore masu ciniki. Na zayyana mata komai. Ta ce, "Namiji kuma? Ni ba namijin da ya karanta min komai. Ashe wani bawan Allah aka kama." Na ce, "Mama, za su tambaye ki wa ya karanta miki." Ta ce, "'Yar nan, kin yi min alheri, ba zan nuna ki da yatsa ba, ko kallonki ba zan yi ba. Amma na tsufa da yin ƙarya. Zan ce mace ce, kuma ga ta nan zaune a ɗakin. Da Hausa zan faɗa, ba na jin wani yare. Abin da za ki juya musu da Turanci kuma, wannan tsakaninki da Allah ne."

Ga inda nake, jama'a. Baba Bitrus zai zauna a gefe yana jin kowace kalma, ya kuma riga ya ce in yi shiru. Tsohuwa za ta faɗi gaskiya, kuma ba ta da hanyar isa kunnen kwamiti sai ta bakina. In na juya maganar, an kori dattijo na koma gida da albashina. In na faɗa yadda ta faɗa, ni da bakina zan ce musu ga ta nan, ni ce, kuma ban san da wane ido zan kalli maigidana da yarana ba. Kada wanda ya ce min in kwanta ciwon ƙarya ranar, na yi wannan tunanin, wani za su kawo ya fassara, Baba kuma ya ga na gudu.

Ku da kuka kai ƙarshe, ku faɗa min tsakaninku da Allah: in tsohuwar nan ta rufe baki, aka juyo ana kallona, me zan yi?