Jegon Adawiyya

Alhamis, 10 ga Afrilu, 2025

Jiya aka yi suna, yau gida kamar an yi yaƙi. Yaro ya ci suna Fa'iz. Ban san inda Junaid ya samo sunan ba, amma tunda shi ne uba, oho.

'Yata Adawiyya tana wurina nan unguwar Paris-Congo har ta yi arba'in. Haihuwar fari ce, a gaban uwa ake wankanta. Safe da yamma ina tafasa ruwa da ganyen darbejiya, sai ya yi zafin da hannu ba ya shiga. Kanwa kuwa ta Baga Sola na sa aka zaɓo mini. Ta kurɓi kunun ta yamutsa fuska, na ce shanye, malama, da shi aka raine ki.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ƙafafunta sun kumbura, silifa ba ta shiga. Kumburin jego ne, ni ma na yi shi. Na ƙara wa ruwan wuta.

Laraba, 16 ga Afrilu

Tari take yi, kuma wai in ta kwanta numfashi ba ya isarta, sai a zaune take barci ta jingina da bango. Zafin garin nan ma ya isa ya hana mutum numfashi, ga wuta an ɗauke tun shekaranjiya.

Junaid ya zo daga unguwarsu Gassi bayan ya tashi daga makarantar da yake koyarwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, yana ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai so yake ya kai ta laptan, wato asibiti, likita ya duba ta. Wai ya karanta wani abu a waya. Na ce masa mai jego ba ta fita, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce to, Inna. Yaron kirki ne, sai dai tsoro.

Asabar, 19 ga Afrilu

Innalillahi. Da safe ina tsaka da watsa mata ruwa ta sulale a hannuna. Leɓenta ya canja launi. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi ina tsare taksi ba.

Muna laptan. Sun sa mata abin numfashi a hanci.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Likitar zuciya mace ce, yarinya ƙarama, ba za ta girmi Adawiyya da yawa ba. Ta shafa mata wani abu kamar man kitso a ƙirji, ta ɗora ɗan ƙarfe, sai ga zuciyar 'yata a talabijin. Ni ban gane komai ba, inuwa kawai nake gani tana motsi. Ta yi mana bayani da Larabci, in kalma ta ƙi sai ta juya Faransanci Junaid ya fassara. Wai zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ba ta matsa jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Ciwo ne da ke kama wasu mata gab da haihuwa ko bayanta. Ta ce a matan ƙasashenmu ya fi yawa.

Sai ta tambayi yaushe kumburin ya fara, kuma me ya sa ba a kawo ta da wuri ba.

Adawiyya ta janye abin hancin ta ce, "Ni na ɓoye, ban gaya wa kowa ba."

Junaid ya kalli ƙasa. Ni kuma da nake da baki kamar reza, na tsaya nan na bar ta ta ɗauki laifina.

Talata, 22 ga Afrilu

Yau na yi faɗa a gaban mutane, Allah na tuba.

Ban da maganin da ke sa ta fitsari da allurar da ake mata a fatar ciki, likitar ta zo da wata ƙwaya. Ta ce masu bincike sun gano abin da ke kawo ruwan nono a jikin mace, a wannan ciwon yakan juye ya cutar da zuciya. Ƙwayar tana tsayar da shi. An gwada a wasu ƙasashe, mata da dama sun samu sauƙi, ko da yake har yanzu ana kan bincike, ba za ta yi mana alkawari ba. Amma nono zai ƙafe.

Nan na tashi. Na ce jaririn da bai yi wata ba za a raba da nonon uwarsa? A wannan zafin? A kanmu za ku koyi aiki? Na faɗi maganganu, har da wadda ba zan rubuta ba. Likitar ta ce zaɓin mai ciwo ne.

Adawiyya ta kama bakin zanena. Da ƙyar maganar ke fita.

"Inna, ki bari. Gara ya sha na gwangwani ina kallonsa."

Ta haɗiye ƙwayar a gabana. Na fita na zauna ƙarƙashin bishiya na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar babanta.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Fa'iz ya ƙi bibiro, kwalbar shan madarar nan ta jarirai. Da cokali nake ɗura masa, yana kuka ina yi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ya karɓa. Ɗan banza, yanzu har wawura yake.

Na kai shi ta gan shi. Ta rungume shi, ya juya kai yana lalube a ƙirjinta, ta miƙo mini shi da sauri ta juya fuska bango. Ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan.

Hajiya Halimatu, uwar Junaid, ta zo dubiya da lemo. Tana fita ta ce wa wata a baranda, yadda zan ji, wai su tun tuni suka daina wannan gashin na mutanen da. Da a da ne, da ta ji amsa. Na bar ta ta wuce.

Litinin, 5 ga Mayu

An sallame mu. Kumburi ya saɓe, tana iya kwanciya da matashi biyu. Ba gishiri, ba kanwa, ba magi. Ba ruwan zafi.

Kafin mu fito na tare likitar ita kaɗai. Sai da na fara ba ta haƙuri kan rashin kunyar da na yi mata, ta yi dariya ta ce ta saba. Sannan na tambaye ta abin da ya hana ni cin abinci, wato ko wankana da kununa ne suka jawo.

Ta ce da can haka likitoci suka ɗauka. Amma an yi wani babban bincike a Najeriya kan mata masu yawa, bai nuna wankan ne tushen ciwon ba, ya fi karkata ga hawan jini da ƙarancin wasu abubuwa a abinci. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ce amma kanwa ga zuciyar da ta riga ta gaji, kamar ƙara wa jaki kaya ne a kan tudu. Kuma wadda aka kawo da wuri ta fi saurin warkewa.

Na so ta ce ni ce, ko ta ce ba ni ba ce. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Ni dai na san ranar Laraba yaron nan ya durƙusa a ƙofata, na sallame shi da karin magana.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na dafa mata miya ba gishiri, na ɗanɗana na kusa tofarwa. Ta cinye tas ta ce ta yi daɗi. Ƙarya take, irin ta ranar nan a gaban likita.

Litinin, 12 ga Mayu

Yau arba'in. Ba lalle, ba kitso, ba yawon gaishe-gaishe. A laptan muka yi ta.

An sake hoton. Zuciyar ta ɗan ƙara ƙarfi, kaɗan. Likitar ta ce sai an yi watanni kafin a san inda za ta tsaya, wasu suna komawa daidai, wasu ba sa komawa. Ta kalli Junaid ta ce maganar wani ciki a ajiye ta, wataƙila na shekaru, wataƙila gaba ɗaya. Ya ce shi Adawiyya yake so a raye. A gabana ya faɗa, ko kunya. Ban ji haushi ba.

A taksi ta ɗora kanta a kafaɗata. Na buɗe baki zan ce ta yafe mini, sai na ji ina tambayarta ko ta sha maganin rana.

Laraba, 14 ga Mayu

Gobe za ta koma ɗakinta. Na ce ta ƙara ko wata guda, ta ce gidanta take so. Gassi! Wurin da sai ka yi tsufa a mota kafin ka iso gari. Junaid yana makaranta tun safe, Hajiya Halimatu tana Sabangali, maƙwabta duk baƙi. In numfashi ya sarƙe mata da hantsi, wa zai gani? Ita da ba ta faɗa.

Asabar, 17 ga Mayu

Gassi. Ni Rakiya, da na yi wa mata da yawa gori kan kwana gidan suruki. A danginmu kaf ba wadda ta taɓa yi, kuma na san bakin mutanen unguwa ba zai bar ni ba. Su yi ta yi.

Rakiya na yo, ba zama na zo yi ba. Haka na gaya wa Junaid, ya ce to, Inna, ya ɗauki keken ɗinkina ya shigar ɗakin baya. Keken ma don kada ya yi tsatsa ne na taho da shi.

Ɗazu bayan azahar ta yi barci. Na shiga ɗauko bibiro kawai, sai na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, har tuwo ya kama a kan wuta.