Gyaran da Umma Take So a Shafi na Tara

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Umma ta karanta shafinka na jarida da idonta. An cire mata bandejin aikin ido ranar Litinin, Laraba ta sa na sauko da tsofaffin jaridun da ke kan kwaba.

Shekara shida ina karanta mata kai duk Asabar, ina tsallake duk inda ka taɓa "Tsohuwar Gidanmu". Yanzu ta ga na rasuwar Baba, inda ka ce ba ta samu damar kuka ba saboda tana ƙirga cokula kada masu gaisuwa su tafi da su. Ta gane dalilin da matan layi ke kiranta Mai Cokula. Ta ce kada ka kira, kada ka zo. Ni ma ba ta cin abincina.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki, a tsaye, don na kasa zama. Ashe editoci biyu gare ni, kuma ta gida ta fi iya almakashi.

Ki gaya mata raha ce. Na zagi direbobi, likitoci, har mai jaridar nan na ce tumbinsa na riga shi shiga ofis, ba wanda ya daina cin abinci. Na fara rubutun wannan makon sau huɗu, kwandon shara ya cika. Me take so? In ajiye shafin?

Ƙaninki, marar kunya

Auta,

Bayan gaisuwa. Ba ta ce ka ajiye ba. Wai na direbobi ya ba ta dariya har ɗinkin ya yi zafi.

Ga maganarta, ban tsallake komai ba: "Cokula na ƙirga, ban musa ba, uku ma sun ɓace. Amma na yi kuka. A banɗaki na yi, na buɗe famfo don kada Auta ya ji, yana da jarrabawa washegari. Tunda ɗan jarida ne, ya gyara. A shafin, da manyan baƙaƙe irin na ƙaryar."

Sai ta ga an buga za ta buɗe maka ƙofa.

Wassalam.
Yayarka

Yaya,

Barka da yau. Edita ya ce gyara a ƙasan shafi na biyu ake sa shi, layi uku, kusa da sanarwar canjin suna. Ya ce shafina na tara na dariya ne, ba a kuka a cikinsa. Na ce to ya bar shi fari.

Na miƙa masa sakin layi ɗaya, babu raha ko ɗaya a ciki. Ya karanta sau biyu, ya sa a aljihu. Gobe da azahar ake rufe shafukan Asabar. Har yanzu bai ce zai buga ba.

Ki gaishe ta, in za ta amsa.
Auta