Idanun da Na Rufe Yau

Gidan Rumji, daren Laraba, shekara ta uku da samun 'yanci

Hadiza ta yi barci da littafinta na lakol, wato makarantar boko, a ƙirji, littafin da ba ta iya karantawa tun da ƙyanda ta bar mata hakiya a ido biyu. Ni da nake dukanta in ta kuskure harafi ɗaya.

Ranar Litinin lokotoro, likitan asibitin Maradi, ya ce mini a wasu ƙasashe likitocin ido suna da ƙungiya. Mutum yakan yi wasiyya da idonsa, su ajiye, su dasa wa mai hakiya ya gani. Na ce masa, "A'uzu billahi! Mutum ya tashi gaban Ubangiji ba ido?" Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Malama. Mu nan ba ƙungiyar, ba wurin ajiyar, ba mai bayarwa."

Yau da hantsi 'yar maƙwabciyata Rabi ta rasu wurin haihuwa, aka kira ni wanka kamar kullum. Na kai hannu zan rufe mata ido, sai na ga su garau, ba ɗigon fari. Hannuna ya tsaya. Uwarta ta ce, "Yaya, rufe mana, me kike kallo?"

Na rufe. Na yi istigfari har la'asar, amma ban daina tunanin ba.

Da magariba Hadiza ta ce, "Inna, yaushe za mu koma wurin lokotoro?" Na ce ta tashi ta yi salla.