Ranar Asabar Za Su Haƙe wa Ɗan Ƙanwata Dasashi

Mama Aciro, ki taimake ni kafin Asabar.

Ni ɗan acaɓa ne a garin Kitgum. Haƙorana biyar ne, masu tsini. Faratana ɓarewa suke kamar bawon albasa, kuma tunda aka haife ni ban taɓa yin zufa ba, da jiƙaƙƙiyar riga nake aiki don in rage zafin jiki. A tasha Kaka abokan aiki suke kirana, suna miƙo mini gasasshiyar masara don su yi dariya. Wannan bai dame ni ba, bakina ya fi nasu kaifi.

Ƙanwata Lamunu ta haifi namiji, Ocitti. Watansa bakwai, kansa ba gashi, da rana jikinsa kamar garwashi, fatarsa a bushe ƙamas. Ina kallonsa na gane kaina. Mahaifiyarmu ta ce wasu haƙoran ƙarya da ke ɓoye cikin dasashinsa ne ke kawo zazzaɓin, ranar Asabar za ta kai shi wurin tsohuwar da ke haƙe dasashin jarirai da ƙarfen tayar keke. Ni ma can aka kai ni. Ban yi makarantar kirki ba, amma ina karatu a waya, na ga abin da ke damun mu ni da yaron ciwon gado ne, ta wajen uwa yake bi. Yaron da haƙoransa ba za su kai goma ba, shi za a cire wa biyu? In jini ya ƙi tsayawa fa?

Na gaya wa mahaifiyarmu a jininta abin yake. Ta ce yayana Komakech ba ta kai shi ba, zazzaɓi ya kashe shi yana goye, ni da ta kai ga ni ina mata rashin kunya. Ta daina yi mini magana. Lamunu kuka kawai take. Na fara tunanin in ɗauke yaron a babur in gudu.

Mai Jiƙaƙƙiyar Riga

Ɗana,

Kada ka ɗauke yaron. Jaririn da ba ya zufa, tafiyar babur cikin rana za ta iya yi masa abin da kake gudu.

Kana da gaskiya: farin abin da ake haƙowa tushen fiƙa ne, kuma ƙarfen nan yana jawo zubar jini da ruɓewa. Sai dai mahaifiyarka ta binne ɗa, shekarun nan duka tana ganin laifinta ne, kai kuma ka zo ka tabbatar mata. Ba wanda ke zaɓar abin da jininsa ya ɗauko. Ka je yau ka ba ta haƙuri, ka bar wayar a aljihu.

Sannan ka faɗa mata yadda jikinka ke yi da rana, da yadda ruwa ke sauko da zafin. Ku cire wa Ocitti kaya, ku ajiye shi a inuwa, ku shafe shi da jiƙaƙƙen zane, a yawaita ba shi nono. Gobe da sanyin safiya ku kai shi asibiti a auna zazzaɓin, don zai iya zama na sauro. Ka nuna wa likita bakinka da faratanka, a kuma gaya masa labarin Komakech. Wannan labarin mahaifiyarka ce kaɗai za ta iya bayarwa, don haka ita za ta goya jikan.

Allah ya raya Ocitti, ya bar masa duk haƙorin da ya ba shi.

Mama Aciro