Jan Fenti a Jikin Gawo

Zuwa ga Rahma, sanyin idona, inuwar gawo a tsakar bazara, ruwan randa bayan doguwar tafiya, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, wadda in ta faɗo mani a rai ina tsakar darasi sai in tsaya da alli a hannu, 'yan lakwal, ɗalibaina, su zuba mani ido har ɗaya ya yi tari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna Jummai. Yaya idon nata? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Na san labari ya riga wagga takarda isowa gidanku, don a garinku magana ta fi keke gudu. An ce maki Mushe Sirajo, malamin lakwal, ya taɓu, yana yawo a daji da gwangwanin fenti yana shafa wa itatuwan mutane. Batun fenti gaskiya ne. Batun taɓuwa kuwa, ke za ki yanke bayan kin karanta, tunda ke ce sanadi.

Kin tuna bara da kaka, ranar kasuwar Mayahi? Kin taso da buhun wake a ka, kina tafe a ƙasa, 'yan kabu-kabu suna wuce ki suna kira, ko waiwaye ba ki yi. Na sauka daga kekena na ce maki tayata ta yi faci, tunda dai tura shi zan yi, ki kawo kayan in ɗora. Kilomita tara muka taka tare. Wayyo wannan tafiya! Kin ba ni labarin akuyarki mai cin sabulu, ni kuma na ba ki labarin komi da komi, har da abin da ba a tambaye ni ba. Da muka iso bakin gari kika sauke buhunki, kika sa babban yatsa kika danna tayar, kika dube ni, kika ce Allah ya kiyaye gaba. Tun daga ranar ban sake cin tuwo na ji gishirinshi daidai ba.

Da na aiko maki da maganata bayan ƙaramar salla, na karanta amsarki ta fi sau ashirin ina neman inda kika ce ba ki so na. Babu. Abin da kika ce shi ne, tun ranar da motar kasuwa ta kife da mijinki marigayi Isma'ila, Allah ya jiƙanshi, kin ɗaukar wa kanki ba ke ba mota, ba ke ba moto, wato babur, har abada. Kika ce Inna ba ta gani sosai, garin da nake koyarwa tafiyar awa huɗu ne a ƙasa, kuma ba za ki yi auren da zai hana ki leƙa ta ki komo a wuni ɗaya ba. Ban ja da ke ba, Rahma. Wa ya isa ya ja da ke a kan wannan? Na san abin da hanyar mota ta ɗauke maki, kuma wallahi duk sanda na tuna ki zaune cikin takaba kina da shekara ashirin da shida, zuciyata ciwo take. Amma na lura cikin abin da kika lissafa babu keke. Na kuma ji daga bakin Inna cewa da kina kwaleji babu yarinyar da ke kamo ki in kin hau.

Shi ya sa da aka rufe lakwal, ruwa ya sauka, yashi ya kwanta ya yi ƙarfi, na fita neman hanya. Sati shida ina yi. Na ɓace sau biyar, na yi faci na gaskiya sau goma sha ɗaya, kare ya bi ni sau biyu, kuma duk kare ɗaya ne. A ƙarshe na samo ta, ya hasken raina: kilomita goma sha bakwai daga ƙofar lakwal zuwa ƙofar gidanku, babu inda tayar mota ta taɓa takawa.

Bari in zana maki ita. Daga bayan lakwal za ki bi 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki, gero dama da hagu ya fi ki tsawo, gawo da kalgo da aduwa waɗanda manoma suka bari suka girma suna tsaye jefi-jefi har iyakar ganinki. Sai ki gangara cikin gulbi. Kai, Rahma, gulbi! Goruba a kan goruba, kaba tana kaɗawa, haske yana zubowa tsakankanin ganye, shiru kamar masallaci bayan an watse, ba ki jin komi sai sarƙar keke da kukan kurciya. Kina fita sai tabki na farko, wanda bado ya rufe rabinshi, belbela a gefe fari fat. Na biyu ƙarami ne, kwaɗi sun fi ruwa yawa, ba ni da abin yabo a kanshi. Na uku shi ne babba, mai kanya a baki, inda shamuwa ke sauka, kuma a nan nake tsayawa kullum in ce da a ce tana nan! Da a ce tana nan ta ga wannan ruwa, in ga fuskarta a cikinshi! Babban abin da ya taɓa tare mani hanya a duk tafiyar jaki ne, shi ma da na yi mashi sallama ya matsa.

Ba zan ɓoye maki aibinta ba. Da rani tabkunan za su ƙafe, yashi ya saki, akwai wuri uku da sai an sauka an tura. In an rage wa taya iska kaɗan, na ukun yana hawuwa. Da damina awa ɗaya da minti ashirin da biyar ce, na auna da agogo sau tara. Ki ci kalaci a ɗakinki, ki yi hantsi wurin Inna, ki sa mata maganin ido, ku yi hira har ta gaji da ke, ki komo kafin la'asar ta yi sanyi.

To, a nan ne na yi kuskure. Na ce a raina hanyar da ke kaina ni kaɗai ba ta da amfani gare ki, sai an sa mata alama yadda ko ke ɗaya ba za ki ɓace ba. Akwai ragowar jan fenti da muka shafa wa ƙofofin lakwal. Na ɗauka, na bi itatuwa ina ɗiga masu ja daidai tsayin ido, guda ɗari da arba'in da uku. Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina koya wa ɗiyan manoma karatu, ban tuna ba cewa a ƙasar nan in manomi ya wayi gari ya ga jan fenti a jere ya ratsa gefen gonarshi, abu ɗaya yake nufi: hukuma za ta fitar da burtali, a kora shanu ta cikin hatsinshi. Ga shi gero ya fara fitar da kai!

Kwana biyu gari uku ba su yi noma ba. Har an haɗa mutanen da za su tafi Mayahi kai kuka. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa shi ne Baba Na Allah, ƙanen mahaifinki, mutumin da aurenki ke hannunshi, wanda na yi wata uku ina shirya kalmomin da zan gaishe shi da su. Itace goma sha ɗaya na shafa a gonarshi. Ban san tashi ba ce. Da na sani da na kewaye ta ko da ta Tasawa ne.

Aka taru a zauren mai garinku, aka kira Namadi, Bafulatanin da ke da ruga kusa da babban tabki, don ana zaton su suka roƙi burtalin. Ya ce shi ma ya ga alamun, har ya bi su tun daga farko don ya gane. Ya ce shekararshi hamsin yana bin shanu, bai taɓa ganin burtalin da ke kauce wa ƙaya ba, yana neman inuwa, ya iso bakin ruwa ya ƙi shiga sai dai ya kewaya ta gefen da bado ya fi kyau. Ya ce wanda ya shata wagga hanya ba saniya yake tunani ba, mace ce, kuma a duba hannun Mushe. Aka duba. Fentin nan mai kyau ne, Rahma, ba ya fita da sabulu.

Mai gari ya ce in yi bayani. Na miƙe gaban dattijai arba'in na faɗi sunanki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin sauƙi irin nata ba. Na ce ina son ki, na ce ba ki hawa mota kuma kina da hujja, na ce kilomita goma sha bakwai ne. Liman ya sunkuyar da kai kafaɗunshi suna rawa, na ɗauka tasbihi yake. Baba Na Allah bai yi dariya ba. Aka yanke in kankare fentin duka, a hankali, kada in ji wa itace ciwo.

Kwana huɗu na yi ina goge hanyarki da hannuna, da wuƙa da yashi da tsumma. Ya zinariyata, kin san yadda wannan yake? Kowane itace na tuna dalilin da ya sa na zaɓe shi: wannan don ki san za ki karya hagu, wancan don ki san akwai gangara ki riƙe birki. A rana ta huɗu sai ga Baba Na Allah a kan jakinshi, ya biyo ni a baya, wai ya zo ya tabbatar ban bar ko ɗigo ba. Haka muka wuce gulbi yana biye da ni. A bakin babban tabki ya tambaye ni awa nawa ce a keke. Na faɗa. Can gaba ya tambaya ko da gaske ba mota ko ɗaya. Na ce ko ɗaya, Baba. Ya ce hm.

Da muka iso itace na ƙarshe, gawon ƙofar gidanku, na ɗaga wuƙa sai ya ce in dakata. Ya ce wannan ba a gonarshi yake ba, ba kuma na mai gari ba ne, a gindinshi Rahma ke daka, ita ke da ikon cewa a kankare ko a bari. Ya juya jakinshi ya tafi.

Ga inda muke, farin cikin raina. Alama ɗari da arba'in da biyu sun tafi, hanyar ta komo kaina, sai na raka ki sau uku ko huɗu kafin ki riƙe ta, kuma wannan bai ɓata mani rai yadda ya kamata ba. Na sayi keke na biyu, na mata, mai marufin sarƙa don kada ya kama maki zane, yana jingine cikin aji. Ba na roƙon ki manta Isma'ila. Ba na roƙon ki karya abin da kika ɗaukar wa kanki, ko ranar ɗaurin aure ba za a kawo mota ba, in mutane sun yi surutu su yi. Ina roƙon ki dubi jan ɗigon nan ki yi mani adalci. Tsoro nake ji, Rahma, in faɗa maki gaskiya. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa son kowa haka ba, kuma ban ga alamar zan iya sakewa ba.

Ranar Juma'a da hantsi zan biyo hanyar in tsaya daga bakin gonar ƙarshe, inda ake hango gawon. In na ga an kankare, zan juya kekena, ba za ki sake jin maganar nan daga gare ni ba, kuma zan ci gaba da gaishe da Inna kamar kullum. In na ga ja, ranar Asabar manyana za su zo wurin Baba Na Allah. Wuƙar kankarewa na bar maki ita hannun Inna. Ba ta da kaifi sosai. Cikin guda uku na zaɓo ta.

Naki da damina da rani, inda ake hawa da inda sai an tura, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Sirajo.

Tayar nan ta bara lafiyarta lau, ko iska ba ta rage ba. Na san kin sani tun ranar.